Waƙa Mai Giɓi

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ke kwashe kayanta daga Legas tana dawowa Abuja, mu ma aka haɗa da mu cikin kayan. Maigidana masinja ne a wata ma'aikata. Yakan ce shi da fayil-fayil ɗin ofishinsu rana ɗaya aka yi musu taransifa, sai dai su fayil an ba su ɗaki mai sanyi a cikin gari, shi kuma aka ce ya nemi Nyanya. To, Nyanyar muka nema. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya a firamare, amma abin da idona ya gani ba na mantawa.

Gidan haya ne, ɗaki shida a jere. Tun da asuba maigidana zai fita ya bi layin bas a tasha, ba zan sake ganinsa ba sai bayan magariba. Ni kuma in wuni da 'yata ta fari, wadda ta shekara biyu da wata bakwai ba ta taɓa cewa uffan ba. Tana ji, tana dariya, tana gudu, in tana son abu ta ja zanena ta nuna. Amma ko "Mama" babu.

Kun san damuwar uwa, balle ni da Allah ya yi ni da zullumi tun ina yarinya. Sau uku ina kai ta kilinik. Nas ɗin ta tafa hannu a bayanta, yarinya ta waiga. Ta haska bakinta da tocila ta ce, "Madam, kunne lafiya, harshe lafiya. Ki ba ta lokaci." Na fito ina cewa a raina, lokacin a ina ake sayar da shi?

Matar mai gidan hayar, wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai sayar da doya, ita dariya ma take min. Takan sauke kayanta daga kafaɗa ta ce, "Maman Bebi, ka bar damuwa. Yarinya ya ji Yarbanci a Legas, ya ji Turanci, ya ji Hausa, yanzu ya ji namu. Yana zaɓa ne, bai ga wanda ya yi masa ba." In yi murmushin yaƙe, in koma ɗaki in ci gaba da aikina. Aikin nawa kuwa shi ne magana. Wata mata ta taɓa ce min yaro sai ana yi masa magana yake koya, ni kuma na riƙe wannan kamar karatun allo. Daga safe har dare bakina bai hutawa.

Ɗakin da ke manne da namu na wata mata ne da za ta kai shekara hamsin da wani abu, doguwa, baƙa, mai haƙorin Makka guda ɗaya. Ita ma daga Legas ta taso. Ranar da muka tare maigidana ya ce min, "Waccan mawaƙiya ce aka ce. Ki gaishe ta, amma ki kama kanki." Na ce to. Na kama kaina, amma kunnena ban iya kama shi ba, domin bangon da ke tsakaninmu bulo ɗaya ne, ko tari ta yi sai na ji.

Kullum da hantsi, in gidan ya yi shiru, sai ta kunna rikoda. A cikin sati biyu na haddace mawaƙanta. Akwai wata yarinya mai siririyar murya kamar zare, tana waƙa da kiɗan ƙwarya, mata na amsa mata. Akwai wata mai murya cikakkiya da ke waƙa cikin jita da ƙaho, irin kiɗan otal na mutanen Legas, amma da Hausa. Akwai ta uku, mai muryar faɗa, tana waƙar a kai yara allurar rigakafi, kalangu na bin ta. In waɗannan sun gama, sai ta sa wani kaset na kiɗan fiyano zalla, ba waƙa a ciki, ita kuma ta ɗora tata muryar a kai, kakkaura mai ɗan gurgura.

Nan ne abin ya ɗaure min kai. Sai ta yi baiti ɗaya ta tsaya. Kiɗa na tafiya, ita shiru. Sai ta sake ɗauka, ta sake tsayawa. Waƙa duk giɓi kamar bakin tsohuwa. Na zauna na yi ta lissafi ni kaɗai. Da farko na ce asma gare ta, numfashi ke yanke mata. Amma na ga tana ɗaukar bokiti biyu ba ta haki. Sai na yanke hukunci cewa mantuwa ce. Na ce baiwar Allah, tana sauraren mawaƙan gaske tana so ta kwaikwaya, kanta ba ya riƙewa. Har tausayinta nake ji. Abin da ban kula da shi sosai ba a lokacin, duk sanda aka fara waƙar nan mai giɓi, 'yata takan bar wasanta ta je ta jingina da bangon.

Ana nan sai saƙo ya zo daga gida. A zamanin, wanda bai iya rubutu ba yakan yi magana a kaset ya ba direba ya kawo. Surukata, wadda muke kira Inna, ta aiko wa ɗanta kaset daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau. Rikodarmu ta fashe a hanyar tasowa, don haka a wurin abokinsa ya saurara. Da ya dawo na tambaye shi, sai ya ce, "Lafiya lau. Inna za ta zo bayan Sallah." Ya tura kaset ɗin ƙarƙashin katifa, bai kalle ni ba.

Wanda bai kalle ka ba ya gaya maka rabin magana. Kwana biyu ina kwana a kan kaset ɗin nan kamar na kwanta a kan ƙaya. Rana ta uku, yana fita, na zaro shi, na goya 'yata, na yi sallama a ƙofar maƙwabciyata.

"Maman Bebi, yau kin tsallako iyaka," ta ce. "Shigo, ba na cizo."

Ɗakin tsaf. Gado, akwati, kwali cike da kaset, da ƙwarya guda uku a kife a kan kabad. Na ce aron rikoda nake so. Ta ce rikodarta ba ta fita, amma in zauna in ji a nan, ita za ta toshe kunne. Ba ta toshe ba.

Muryar Inna ta fito, ta gai da kowa har da akuyar da ba mu da ita, sannan ta zo kan magana. Ta ce ta ji labarin yarinya har yau ba baki. Ta ce wannan linzami ne, wato jijiyar ƙarƙashin harshe ce ta ɗaure, kuma ta riga ta yi magana da wanzamin garin. Bayan Sallah da sati ɗaya za ta zo ta tafi da ita a yanke, kuma yarinya ta zauna a wurinta, tunda dama 'yar fari ta kaka ce, an yaye ta ba a kai mata ba.

Kaset ya ƙare, ya yi ƙas. Ni dai aska kawai nake gani. Na tuna wani yaro a unguwarmu da aka yi wa irin wannan, jini ya ƙi tsayawa sai da aka kwana a asibiti. Sati biyar ya rage. Na sauke 'yata na riƙe fuskarta na fara, "Ce Mama. Ma-ma. Ba za ki ce ba? To ce ruwa. Kina son ruwa? Ga ruwa. Ba kya so? Yunwa ce? Bari mu je in dama miki koko. Ce koko. Ko-ko."

Maƙwabciyata tana zaune tana kallonmu, ta tallafe haɓa. Don in kawar da kunyar hawayena, sai na juya zancen. Na ce, "Mama, ni kuwa ina jin waƙoƙin da kike sawa. Yarinyar nan mai ƙwarya ta iya waƙa. Da za ki riƙa bin nata a hankali, baiti-baiti, ina ga zai fi zama miki a ka. Na ji naki yana yawan yankewa."

Wallahi da kyakkyawar niyya na faɗa. Ta dube ni, ta dubi rikoda, sai ta fara dariya har tana riƙe ƙirji, haƙorin Makka na walƙiya.

"Wato in koyi waƙa a wurin yarinyar nan."

"Ba raini ba ne, Mama."

"A'a, shawara ce mai kyau. Sai dai yarinyar ta yi min nisa, shekara arba'in ke tsakaninmu. 'Yar nan, ni ce. Mai ƙahon ma ni ce. Mai faɗan allurar ma ni ce."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma son jin labari ya fi kunyar ƙarfi, na gyara zama. Na ce yaya mutum ɗaya zai yi murya uku?

Ta ce huɗu dai, har da wadda nake wa gyara. Ta ce tana 'yar shekara goma sha huɗu ta fara bin wata gwaggonta zabiya gidajen biki, tana cikin 'yan amshi. Wata rana muryar gwaggon ta dushe a tsakiyar biki, aka tura ta gaba. A shekarun ne mutanen rediyo suka zo da akwatinsu suka ɗauka, daga baya wani ya juye mata a kaset. Aure ya kai ta Legas, auren ya mutu, ita ta zauna. Can ta tarar matan Hausawa na son biki amma 'ya'yansu na son kiɗan ƙaho, sai ta shiga wata ƙungiyar makaɗa, ita kaɗai ce Bahausa a ciki. "Ba sa jin abin da nake cewa, ni ma ba na jin nasu. Mai jita in ya yi kuskure da Hausa nake zaginsa, ya ce na gode." Da kiɗan ƙaho ya kwanta, sai ga masu wayar da kai suna neman mai waƙar rigakafi da tsabta, ta koma kalangu. Yanzu kuma matan ma'aikatan da take wa waƙa a suna da biki duk an kwaso su Abuja, ita ma ta biyo. "Zabiya ba ta da gari, inda aka shimfiɗa tabarma nan ne garinta. Na zo kuma na tarar yara sun ce fiyano. To fiyanon."

Na ce, "Ba ki jin haushi? Kowane lokaci a canza miki kiɗa?"

"Kiɗa zane ne. In ya tsufa a sake wani. Jikin dai nawa ne."

"To yankewar fa? Asma ce?"

Ta sake yin dariya, amma wannan karon gajeriya. Ta ce in saurara da kyau. Ta sa kaset ɗin ƙwarya, yarinyar ta rera:

"Ƙwarya ta fashe, ruwa bai fashe ba,
Masu amsa min, kuna ina?"

Mata suka ɗauka baki ɗaya: "Muna nan."

Ta cire, ta sa na ƙaho. Kiɗa daban, sauri daban, baitocin ma daban, amma can sai ga shi, "Masu amsa min, kuna ina?" Wasu muryoyi, har da na maza masu karyayyiyar Hausa, suka ce, "Muna nan." Na rigakafin ma haka. Wata biyu ina jin kaset ɗin nan ta bango, ban taɓa lura waƙa ɗaya ce take sake wa zane ba.

"Abin da kike ji ba yankewa ba ne," ta ce. "Gurbi ne. Wurin 'yan amshi ne. Nawa su huɗu ne, shekara ashirin muna tare, duk suna Legas, mazansu ba ma'aikatan gwamnati ba ne balle a kwaso su. Mai sitidiyo a Wuse ya ce in cike wurin da kaina, ko ya cike da fiyano, wai injin ba ya jira. Na ce masa injin ya koyi jira. Na yarda a canza min komai, ban da wannan. Waƙar da ba ta bar wa kowa wuri ba, surutu ce."

Sai ta nuna ni da leɓe. "Kamar taki."

Na ce ni ai ba na waƙa.

"Kina yi. Ta bango nake ji tun safe. Kina son ruwa, ga ruwa. Yunwa ce, ga koko. Ke ce zabiya, ke ce 'yar amshi, ke ce mai guɗa. Ta ina yarinya za ta shiga? Ko ni da na shekara arba'in a sana'ar nan ba zan samu ƙofa a waƙarki ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mace ba ta san zafin da nake ji ba, ta ce min mai surutu. Na ɗauki kaset ɗina na fita ko godiya ban yi sosai ba. Amma washegari da hantsi, da fiyano ya tashi, na ga 'yata ta nufi bango, sai na bi ta da ido. Duk sanda muryar ta tsaya, sai yarinyar ta ɗaga kai, bakinta ya ɗan buɗe, kamar wadda aka kira. In muryar ta dawo sai ta rufe. Na ajiye tsintsiya, na kama hannunta muka zagaya.

Haka muka fara. Kullum in maigidana ya fita, in na gama shara da wanke-wanke, sai mu shiga. Mama ta ce ni ce sabuwar 'yar amshinta, tunda Allah ya kawo. Sharaɗi ɗaya ta kafa min: sau biyu in amsa, na uku in yi shiru, kuma kada in kalli yarinyar. Ta ce ɗan amshi in an zuba masa ido tsoro yake ji. Ta sauko da ƙwarya ɗaya ta kife a cikin baho mai ruwa, ta ba 'yata ludayi tana bugawa yadda ta ga dama.

Ban taɓa sanin shiru aiki ne ba sai a ɗakin nan. Gurbin bai fi numfashi biyu ba, amma ni ji nake kamar an ɗora min dutse a harshe. Sau da yawa sai in ji bakina ya kubce, "Ce muna nan, ce mana." Mama ta kashe rikoda ta ce, "Maman Bebi, wanzamin nan da za a kira, ina ga ke ya kamata ya duba, naki linzamin ya yi sako-sako." A gida ma ta ce in gwada: in na tambayi yarinya abu, in haɗiye yawu sau uku kafin in ƙara ko kalma. Na haɗiyi yawu a watan nan har maƙogwarona ya gaji.

A tsakanin haka nake ta yi mata tambayoyi, domin ni ba na gajiya da tambaya. Wane kiɗa ya fi wuya? Ta ce ƙaho, don yana gasa da muryar mutum. Wanne ta fi so? Ta ce wanda ake gayyatarta da shi a wannan watan. Ta nuna min yadda ake rage ruwan baho in ana so ƙwarya ta yi kauri, da yadda take matse baiti mai tsawo ya shiga cikin bugun fiyano ba tare da ta jefar da kalma ba. Ta ce da can ita ke jan kiɗa, makaɗa na bin ta, yanzu inji ke ja tana bi, kamar yadda da gwamnati ke zaune mutane na zuwa, yanzu gwamnati ta tashi mutane na bin ta da buhuna.

Sati huɗu babu komai. Sallah ta zo ta wuce, na yi ta ba daɗi. Ranar Laraba ta bayan Sallah, saura kwana huɗu Inna ta iso, muna zaune, Mama ta rera, na amsa. Ta rera, na amsa. Ta rera na uku, "Masu amsa min, kuna ina?" Na kafa ido a kan kwalin kaset, na cije leɓe.

"Una nan."

Ƙaramar murya, a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na zabura zan rungume ta, Mama ta take min ƙafa ba ta ko dube ni ba, ta ci gaba da waƙarta kamar ba abin da ya faru. Gurbi na gaba ya zo, yarinya ta sake cewa. Hawaye na zuba a zanena, ni kuma ina kallon kwali.

Da yamma na gaya wa maigidana komai, har da satar kaset. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Ashe kama kan ke nan." Ya ɗauki yarinya ya ce, "Ce Baba. Ce muna nan." Ta dube shi ta sa yatsa a baki. Ya yi ta yi, shiru. Ya sauke ta ya ce, "Ke dai kin ji abin da kike so ki ji. Ni ba zan iya tsayawa gaban Inna da labarin ƙwarya ba."

Inna ta iso ranar Lahadi, da ƙullin daddawa da kuka. Kwana biyu ta ce za ta yi. Kun san al'adarmu, uwa ba ta nuna kulawa ga ɗan fari a gaban surukai. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, balle ta ce kada a tafi da shi. Ni da na saba cika ɗaki da magana, sai ga ni na zama bango. Inna ta ɗora jikarta a cinya ta buɗe mata baki ta leƙa, ta ce, "Ga shi nan kuwa. Aikin minti ɗaya ne." Ni ban ga komai ba, nas ma ba ta gani ba, amma wa zai ce? Maƙwabciyata kuma, don kada ta ja min magana, ko rikoda ba ta kunna ba a kwana biyun nan.

Safiyar Talata maigidana ya nemi izini a ofis don ya raka su tasha. Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, yarinya a cinyarta, an sa mata rigar Sallah. Ni da hannuna na ɗaure kayanta a ɗankwali. Shi kuma maigidana ya tafi neman tasi. Ban san inda zan sa kaina ba, sai na jawo bahon wanke-wanke na tsuguna na ba su baya. Ƙwaryar da nake auna gari tana cikin kwanukan. Na kife ta a ruwan, na ɗauki ludayi.

Matar ɗa ta yi waƙa a gaban uwar miji, a garinmu abin faɗa ne har shekara. Na san haka. Na buga ƙwaryar a hankali, na yi kamar da kwanuka nake:

"Ƙwarya ta fashe, ruwa bai fashe ba,
Masu amsa min, kuna ina?"

Na yi shiru. Na haɗiyi yawu ɗaya. Na ji idon Inna a tsakiyar bayana. Na haɗiyi na biyu. Komai na jikina na cewa juya ki ce mata ta ce. Na riƙe bakin baho da hannu biyu. Na uku.

"Muna nan."

Wannan karon har da "m" ɗin. Ban juya ba. Na sake rerawa, ta sake amsawa, da ƙarfi, tana buga cinyar kakarta da tafin hannu. Matar mai gida da ke jera doya ta ce, "Ka gani? Ya zaɓi Hausa."

Inna ta gyara zama. Da ta yi magana, ba abin da na zata ta ce ba.

"Ke, a ina kika samo waƙar nan?"

Na ce, kaina a ƙasa, a maƙwabta.

"Wannan ai a bikin yayata aka yi ta, ina budurwa. Wata 'yar siririyar yarinya ce ta yi, muryar gwaggonta ta mutu aka tura ta. Mu ne muka yi ta amsawa har la'asar. An ce Ikko ta tafi, Legas ɗinku nan, ta shiga kiɗan 'yan otal. Tana da rai kuwa?"

Kafin in buɗe baki, labulen ɗakin kusa ya ɗaga. Ashe tana tsaye a bayansa tun ɗazu. Ta ce, "Da sauranta dai, Yaya. Siririyar ce babu."

Da maigidana ya dawo da tasi, ya tarar da uwarsa a ɗakin matar da ya ce in kama kaina da ita, an sa kaset ɗin ƙwarya, tsofaffi biyu na musu a kan wace unguwa aka yi bikin, jika na tsakiya tana ba da amshi. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Inna, mota na jira." Ta ce, "Sallame shi. Wanzami ya nemi wani aikin." Sai ta harare ni ta gefen ido ta ƙara da cewa, "Yarinya ba linzami gare ta ba, layi ne bai zo kanta ba." Kwana biyunta ya zama tara. A kaset ɗin fiyanon da aka buga a Wuse daga baya, cikin muryoyin da ke cewa muna nan akwai ta matar mai gida da tawa. Maigidana bai sani ba sai da ya ji a bas.

Ba ina cewa ƙwarya magani ba ce. Wanda ɗansa ya makara da magana ya kai shi asibiti, kamar yadda na kai tawa. Wataƙila lokacin da nas ta ce ne ya yi, wataƙila da ko ba mu yi komai ba za ta yi magana. Abin da na sani kawai, ni tsoro ne ke sa ni surutu, kuma duk wanda nake tsoron rasawa shi na fi toshe wa ƙofa. Har yau ina fama da halin. In na ji bakina ya fara gudu, sai in haɗiyi yawu uku.

Bayan shekara biyu muka tashi daga gidan, ita ma ta koma wajen Karmo, muka rabu kamar yadda ake rabuwa a Abuja, ba sallama mai tsawo. Na ji an ce ta yi waƙoƙin fim, ta yi na yabo. Shekaru da yawa bayan haka, ina cikin tasi a Wuse, direba ya sa wata waƙar samarin zamani mai bugu kamar ana sassaƙa turmi, suna magana da sauri rabi Hausa rabi Turanci. Can a tsakiya kiɗan ya ja baya, sai ga wata tsohuwar murya, ta ƙara kauri, ta ƙara gurgura, tana tambayar masu amsa mata. Injin ya jira. Ban san sanda na ce muna nan ba, har fasinjan gaba ya waigo. Direba ya ce, "Hajiya, kin san waƙar yara?" Na ce na san zanenta na da.

'Yar tawa yanzu malamar makaranta ce, tana da nata 'ya'yan, kuma Allah ya rama mata shirun shekara biyu da wata takwas da riba, domin in ta kira ni a waya sai in ajiye wayar a kan tabarma in ci gaba da tsintar shinkafa. Amma in ni na kira, ba na cewa komai bayan sallama sai, "Kuna ina?" Daga nan in rufe bakina in jira.